Fita ɗanɗanon ruwan inabi a hutun Ista: amsa ga wanda bai saba ba

Ƙanena, ka ce kai ba gwanin shan ruwan inabi ba ne, daga Kirsimeti sai bikin aure kake ɗan kurɓa, ga shi abokan karatunka a Cape Town, Afirka ta Kudu, sun shirya zagayen gonakin inabi na kwana uku a hutun Ista, kuma jadawalin da suka turo maka gona biyar ce kowace rana. Abu biyu ke damunka: kada ka kunyata a gaban masu juya kofi suna shinshinawa, kuma kada abokinka Musulmi da zai raka ku ya zama saniyar ware.

Na daɗe ina ɗaukar baƙi a ƙaramar bas zuwa waɗannan gonaki, daga Constantia zuwa Stellenbosch, Franschhoek da Paarl, saboda haka bari in gaya maka gaskiya tun daga farko. Kunyar da kake tsoro ba za ta same ka ba. Abin tsoron shi ne wannan gona biyar ɗin. Ka koma wurin abokanka ka ce a yanke ta zuwa biyu, in an matsa ƙwarai uku, ta ukun kuma don cin abinci da yawo a lambu.

Ga lissafin. A yawancin gonaki za a zuba maka kala biyar, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗan kaɗan a gindin kofi. Ido zai ce maka ai wannan ba komai ba ne. To a ce kowane zubi mililita 40 ne, wani ya fi haka, wani bai kai ba, ya danganta da hannun mai zubawa. Biyar ɗin sun zama mililita 200. Gona uku, 600. Kwalba guda kuwa mililita 750 ce. Kafin ka fita daga gona ta huɗu ka shanye fiye da kwalba kai kaɗai, da tsakar rana, kuma jan ruwan inabin ƙasar nan yakan kai kashi 14 cikin ɗari na barasa, wani ma ya ɗan haura. Kai da ka ce kofi ɗaya ke isar ka a biki. Hanta ba ta san hutu ake yi ba, aikinta take yi a hankali, abin da take iya tacewa a awa guda bai kai ƙaramin kofi ɗaya ba. Ban da buguwa ma, harshe kansa yana gajiya. Bayan kala goma zuwa goma sha biyu, in ba wanda ya saba ba, komai ɗanɗanonsa ɗaya ne a bakinka. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Na taɓa ɗaukar wasu mutum bakwai a irin wannan hutu, suka dage sai sun ga gona biyar don sun biya kuɗin mota. A gonar farko suna tambaya, suna rubutu a 'yar takardar da aka ba su. A ta biyu aka daina rubutu. A ta huɗu ɗaya daga cikinsu ya rantse bai taɓa ɗanɗana abu mai daɗin wanda ke hannunsa ba, ya sayi katan biyu. Ta biyar ba mu shiga ba, don mutum uku suna barci a kujerar baya. Bayan mako biyu mai katan ɗin ya kira ni yana cewa an canja masa kaya, wai abin da ya buɗe a gida ba shi ya sha a gona ba. Babu wanda ya canja masa komai. Shi ne dai ya saya lokacin da harshensa ya riga ya tashi daga aiki.

Maganin wannan yana nan a kan tebur, mutane ne ke jin nauyinsa. Za ka ga wani ɗan kasko ko bokitin ƙarfe, wani lokaci baƙi mai ƙaramin baki kamar mazurari. Na tofarwa ne. Mu da aka tarbiyyantar da mu cewa tofar da abin da aka ba ka a gidan mutane cin fuska ne, hannunmu ba ya zuwa wurinsa. A can kuwa shi ne alamar ka san abin da kake yi. Mai haɗa ruwan inabin da kansa yana iya ɗanɗana ganga talatin kafin azahar, da haɗiyewa yake yi da tuni an ɗauke shi ranga-ranga. Ka kurɓi kaɗan, ka zagaya da shi cikin baki kamar mai kurkure baki, ka jawo kaskon kusa da haɓarka, ka tofar da ƙarfi kaɗan don kada ya zubo maka a riga. Wanda ya yi maka daɗi sosai ka haɗiye kurɓi ɗaya. Sauran da ya rage a kofi ka juye a kaskon, babu mai kallonka. Kada dai ka sa farar riga ranar, kuma ka bar turare a gida, domin turarenmu mai ƙarfi yana toshe hancin duk wanda ke zaune kusa da kai, har da naka.

Yanzu batun juya kofi da shinshinawa. Ba tsafi ba ne. Juyawar tana sa iska ta shiga, ƙamshin ya taso. Idan kana tsoron fantsalawa, ka bar gindin kofin a kan tebur, ka riƙe siririn wuyansa da yatsu biyu, ka zagaya shi kamar kana zana ƙaramar da'ira. Sai ka sa hanci. Mai zubawa za ta fara jero sunayen 'ya'yan itatuwan Turai da ba ka taɓa gani ba, wasu ma ita kanta a littafi ta san su. Kada wannan ya dame ka. Abu huɗu kawai za ka nema, kuma duka ka san su tun kana yaro. Tsami, irin na tsamiya, wanda ke sa yawu ya tsinke a gefen harshe. Bauri, irin na ɗanyen goro ko shayin da ya daɗe a buta, wanda ke busar da dasashi. Daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa, shi ya sa a ja ake jin sa, don ja tare da ɓawonsa ake tsima shi. Zaƙi, wanda yawancinsu ba su da shi: in ka ga an rubuta "dry" a kwalba, ana nufin yis ya cinye sukarin inabin kusan duka. Sai nauyi a baki, wato bambancin da ke tsakanin ruwan zoɓo da kunun gyaɗa. In ka ji ƙamshin gwaiba ka ce gwaiba, in ɗinya ka ji ka ce ɗinya, ka yi musu bayanin mece ce ɗinya. Na ga ma'aikatan gona sun fi jin daɗin irin wannan hira fiye da ta baƙon da ya haddace kalmomi daga intanet.

In har yanzu kana jin kai baƙo ne a harkar, ka tuna da Ntsiki Biyela. A karkarar KwaZulu-Natal ta taso, ba ta taɓa ɗanɗana ruwan inabi ba sai da ta samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Stellenbosch, ta zama baƙar mace ta farko da ta riƙe aikin haɗa ruwan inabi a Afirka ta Kudu, yau kuma tana da nata mai suna Aslina, sunan kakarta.

Abin da zan so ka nema da bakinka kala uku ne, don su ne na ƙasar. Na farko Chenin Blanc, fari, wanda tsofaffin manoma ke kira Steen. Shi aka fi shukawa a ƙasar, har gonakinsa sun fi na Faransa inda ya samo asali yawa. Ga wanda bai saba ba, daga nan nake so a fara: yana da sauƙin sha, sau da yawa za ka ji gwaiba ko abarba a hanci. In gonar tana da iri biyu, wanda ya zauna a tankin ƙarfe da wanda ya kwana a gangar katako, ka roƙa a zuba maka su gefe da gefe. Wannan kwatancen kaɗai zai koya maka abin da katako ke yi fiye da bayanin awa guda. Na biyu Pinotage, ja, ɗan gida na gaske: Farfesa Abraham Perold ne ya aurar da irin inabi biyu, Pinot Noir da Cinsaut, a Stellenbosch a 1925 aka same shi. Mutane sun rabu a kansa, wasu na so wasu na ƙi, kuma mai arha daga cikinsa yakan yi wani ƙauri da ba kowa ke jurewa ba. Kada ka yanke masa hukunci sai ka ɗanɗana na gonar da ta ɗauke shi da muhimmanci, irin su Kanonkop. Na uku mai kumfa, wanda suke kira Cap Classique, ana yin sa yadda ake yin shamfen, wato a cikin kwalbar yake yin tsimi na biyu. Gonar Simonsig ce ta fara yin sa a 1971. Shi kam ka yi hankali da shi, yana gangarawa kamar lemon kwalba, kuma ya fi saurin hawa kai.

Sai batun Ista kanta, domin hutu daban yake da sauran ranaku. Juma'ar Ista gonaki da yawa a rufe suke ko su tashi da wuri, wasu ma har Lahadi. Litinin hutu ce, Ranar Iyali suke kiranta. Saboda haka duk mutanen da za su bazu a kwana huɗu sai su taru a Asabar. Ku kira kowace gona tun yanzu ku tabbatar tana buɗe, ku kama wuri, musamman in kun kai mutum shida ko takwas, don gonaki da yawa ba sa karɓar ayari haka kawai. Teburin abincin rana shi ya fi saurin ƙarewa, makonni kafin hutu ake kama shi. Yawancin ɗakunan ɗanɗano suna buɗewa wajen ƙarfe goma, su daina karɓar sabbin baƙi wajen huɗu ko huɗu da rabi. Ku zama na farko a ƙofa. Ƙarfe goma na safe mai zubawa tana da lokacin zama da ku, tana iya ma ɗauko wata kwalbar da ba ta cikin jerin ta ce ku gwada. Ƙarfe biyu na rana tebur goma take gudu a tsakani, bayanin da za ta yi maka kamar karatun hadda ne, ba laifinta ba ne kuwa.

Lokacin kansa yana da kyau, wannan kam abokanka sun dace. Ana girbin inabi daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, wasu su kai Afrilu, saboda haka Ista tana faɗowa a wutsiyar girbi. Ganyen inabi ya fara komawa ruwan ɗorawa da ja, zafin Fabrairu ya karye. In an ba ku damar shiga inda ake tsimawa, ku shiga. Za ka ji wani wari mai kama da ƙullun da ya kwana, ƙasa a jiƙe, tiyo ko'ina, ƙananan ƙudaje suna shawagi, ga ma'aikata da takalman roba hannayensu sun rine. Ka riƙe rigar sanyi a mota, yamma takan yi sanyi, ruwan farkon hunturu kuma yana iya saukowa ba sallama.

Ina za ku? Stellenbosch wajen kilomita 50 take daga Cape Town. Gwamna Simon van der Stel ne ya kafa ta a 1679, kuma a nan aka fara wannan tsarin na buɗe gonaki ga baƙi a 1971, lokacin da masu gonakin Simonsig, Spier da Delheim suka haɗa kai. Gonakinta suna da yawa ƙwarai, a warwatse, sai da mota. Franschhoek ta fi nisa, wajen kilomita 75, a cikin kwari tsakanin duwatsu, inda Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka zauna daga 1688, shi ya sa gonakinta da yawa ke da sunayen Faransanci. In za ku daga Stellenbosch, ku bi ta hawan Helshoogte, kallon kaɗai ya biya kuɗin mai. A Franschhoek akwai ɗan jirgin ƙasa da motocinsa masu zagaya gonaki, ka sauka inda kake so, ka hau na gaba. Ga ayarin da ba su da direba dabara ce mai kyau, sai dai tikitin ranar hutu yana ƙarewa da wuri, kuma yana da tarko: tunda kowace awa ana tsayawa a sabuwar gona, sai mutum ya ga kamar asara ce in bai sauka a duka ba. Ku zaɓi biyu ko uku, ku bar jirgi ya wuce ku. Amma in ni ne kai, rana ɗaya a Constantia zan yi ta. Minti ashirin zuwa talatin ce daga tsakiyar birni, ba ruwanka da cunkoson manyan hanyoyin N1 da N2. Groot Constantia tun 1685 take, kuma zazzaƙan ruwan inabin wannan kwari ne ake kai wa Napoleon lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena.

Maganar tuƙi ba ta da tsawo. Doka ta ce giram 0.05 na barasa a kowace mililita 100 ta jini, gona ɗaya in ka haɗiye duka tana iya kai ka can. Hutun Ista 'yan sanda suna kafa shinge ko'ina saboda yawan haɗari, kuma in sun kama ka, a tashar 'yan sanda za ka ƙarasa hutunka. Ku ɗauki direba, ko ɗayanku ya haƙura gaba ɗaya ranar. Kada ku dogara da Uber a gonar da ke can ƙarshen hanyar ƙasa da ƙarfe biyar na yamma: zuwa yana da sauƙi, dawowar ce aiki.

Wannan ya kawo mu kan abokinka. Abu na farko, kada ku mai da shi direba ba tare da an tambaye shi ba, wai ai shi ba ya sha. In ya yarda da kansa, abincinsa a kanku yake. Na biyu, ka tambaye shi a keɓe inda iyakarsa take. Na ɗauki Musulmi da za su zauna a tebur da kofin ruwan 'ya'yan itace ana ta hira, na kuma ɗauki waɗanda ba za su zauna inda ake sha ba sam, sai su yi yawonsu a haɗu wurin mota. Duka biyun a mutunta su, ba a jayayya. Ku zaɓi gonakin da ke da abin yi ban da kofi. Babylonstoren tana da ƙaton lambun 'ya'yan itace da ganyaye da mutum zai yi awa biyu bai gama ba. Fairview a Paarl tana da cuku iri-iri da wata hasumiya da awaki ke hawa. Vergelegen a Somerset West tana da manyan itatuwan kafur da aka shuka tun wajen 1700. Gonaki da dama suna da matsattsen ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba. Ya kula da wanda aka rubuta cewa an cire masa barasa, don irin wannan giya ce tun asali, kuma yakan rage kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A wurin abinci ma ya tambaya: farantin busasshen nama da ake kawowa da cuku galibi akwai alade, miya kuma sau da yawa da giya ake dafa ta. Juma'ar Ista Juma'a ce, akwai masallaci a cikin garin Stellenbosch, ku sa wannan a lissafi. In kun je Klein Constantia, kusa da ƙofar shiga akwai hubbaren Shehu Abdurahman Matebe Shah, wanda Turawan Holan suka koro daga Sumatra a ƙarni na 17. Har yau Musulmin Cape suna ziyartarsa, ga shi a tsakiyar gonakin inabi.

Wannan hubbaren yana tuna wa mutum abin da fararen gine-ginen nan masu kyau ba sa faɗa da kansu. Tun da aka matse inabin farko a Cape ranar 2 ga Fabrairu 1659, hannun bayi ne ya riƙe gonakin nan, bayin da aka kwaso daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya, har zuwa 1834 da aka soke bauta. Ƙararrawar da za ka gani rataye a wata 'yar farar baka a tsofaffin gonaki, wadda baƙi ke ɗaukar hoto a gindinta, ta kiran bayi aiki ce. Bayan bauta sai tsarin da suke kira dop, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta shi a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma sakamakonsa bai gushe ba: yankin yana cikin wuraren da suka fi yawan yaran da barasa ta nakasa tun suna ciki a duk duniya. A 2012 leburorin gona suka yi yajin aikin da ya faro daga De Doorns, a 2013 aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105. Ban faɗi wannan don in ɓata maka hutu ba. Sau da yawa yarinyar da ke zuba maka, iyayenta da kakanninta a wannan gonar suka yi aiki. Ka tambaye ta wanne ita ta fi so a cikin biyar ɗin, za ka ji amsar da ba ta cikin hadda. Ka kuma bar mata tukuici, kashi 10 cikin ɗari shi ne al'ada, ranar hutu ka ɗan ƙara.

Saye kuma ba dole ba ne, ka biya kuɗin ɗanɗano ka gama naka, kodayake wasu gonakin suna yafe kuɗin in ka sayi kwalba. Ka fi mai da hankali ga abin da ba a samu a kanti, don na yau da kullum farashinsa a gona bai cika bambanta da na gari ba. Kwalba ɗaya ko biyu, daga gonar safe, kuma ka ɗauki hoton takardar jikin duk wanda ya burge ka don ka gwada shi a gida kafin ka yi maganar katan. Kada ka bar kwalba a but ɗin mota a rana, zafi yana dafa ta. In gida za ka kai tsaraba, a babban akwati za ta shiga, a naɗe cikin kaya, don ba za a bar ka ka hau jirgi da ita a jakar hannu ba.

Ka karya da abinci mai nauyi kafin ku fita, ƙwai da burodi ko ma ɗumame in ka samu, ka riƙe gorar ruwa, kowane kofi ka bi shi da ruwa. Ranar Litinin kuma ku kamo hanyar birni kafin ƙarfe biyu, domin daga la'asar duk wanda ya fita hutu ta N1 da N2 zai dawo, tafiyar minti arba'in da biyar sai ta koma awa biyu.